Shokin da Ƙafar Baba

Ranar da Nas ta ga hannun Auta, ko jakarta ba ta ajiye ba. Ta kamo hannun ta ja shi gaban taga, tana juya shi kamar yadin da take shakkar saye. Ga sawun haƙora a gindin babban yatsa, ga yaƙushi har gwiwar hannu, wani ya bushe wani ɗanye. Sannan ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin kujera, inda wasu idanu biyu masu ruwan zuma suka zuba mata kallo ba ko ƙiftawa.

Nas ita ce babbar 'yar gidan, ma'aikaciyar jinya ce, sunan aikin ya bi ta har gida ya danne na yanka. Ta ce hannun Auta bai dame ta ba, jinin ƙuruciya ne, gobe ya warke. Baba ne abin ji. Mai ciwon suga irin nasa ba ya wasa da rauni a ƙafa. Ta sha ganin wanda aka kawo da ɗan ƙwarzanen ƙusa, aka sallame shi da ƙafa ɗaya.

"Ranar da na ga haƙorin kyanwar nan a jikin Baba," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa don kada ya ji daga falo, "ranar za ta bar gidan nan. Ba zan nemi shawarar kowa ba."

Auta ta ce to.

Ita ta tsinci 'yar kyanwar a bayan gidan burodin da take aiki, cikin magudanar ruwa, a jiƙe sharkaf, idanunta ko gama buɗewa ba su yi ba. Ta sako ta a aljihun rigar aiki ta kawo ta gida, ta riƙa ɗura mata madara da sirinji har ta miƙe. Abin da ba ta zata ba shi ne Baba. Tun rasuwar Mama ya rufe shagonsa na gyaran rediyo, ya kwaso matattun rediyoyi ya jera a falo, yana zaune a tsakiyarsu shiru kamar ɗaya daga cikinsu. Ranar da abar nan ta rarrafo ta gartsa masa cizo a yatsan hannu, sai ya zabura, ya dube ta, ya ce wannan ai shokin ce, irin na wutar lantarki. Ya yi dariya har da tari. Auta tana kicin ta ji, ta tsaya da cokali a hannu hawaye na zubo mata, don ta manta yadda dariyarsa take. Suna ya zauna, Shokin.

Da cizon ya yi yawa ta koma wurin likitan dabbobin da ya yi wa Shokin allura. Ya ce ba mugunta ba ce, maraici ne. 'Yar kyanwa a cikin 'yan uwanta take koyon iyakar haƙori: ta ciji ɗan uwanta ya yi ƙara ya bar wasan, sai ta gane ta wuce gona da iri. Wannan ba ta samu wanda zai yi mata ƙara ba. Ya ce kada a doke ta, kada kuma a fizge hannu, abin da ya gudu shi take bi. A yi kukan zafi, a saki jiki, a juya mata baya.

Haka Auta ta zama 'yar uwar kyanwa. Kullum da safe kafin ta fita tana durƙushe a tsakar ɗaki tana cewa wash, tana juya baya kamar amarya mai fushi. Baba yana mata tsiya, wai a gidansa an buɗe makarantar koyon raki. Kuma abin yana ci. Kafin ta fita Shokin takan kama yatsanta ta saki ba tare da ta huda ba, har ta lashe wurin. Amma da yamma idan ta dawo, sai ta tarar da wata dabba daban, kunnuwa a kwance, bindi yana kaɗawa, ta dako tsalle daga bayan labule ta kafa haƙora iya ƙarfinta. Kamar wani yana bin bayan Auta yana warware abin da ta saƙa. Ta tambayi Baba ko yana ba ta hannu. Ya rantse bai ƙara ba tunda aka hana, ya miƙo hannuwansa, babu tabo ko ɗaya.

Wata rana injin kwaɓa ya tsaya a wurin aiki, aka sallame su da hantsi. Auta ta hau bene ta buɗe ƙofa a hankali, ko Baba yana barci.

Ba barci yake ba. Yana kan kujerarsa, tabarau a kan hanci, ya buɗe bayan wata tsohuwar rediyo a cinyarsa, ƙafafunsa a miƙe kan ƙaramin tebur. Shokin ta rungume ƙafar hagu da hannuwanta biyu, tana harbinta da na baya, bakinta ya nutse cikin safa daidai babban yatsa. Tana girgiza kai kamar ta kama ɓera. Farar safar ta yi ja a wurin.

Baba ya ɗago ya ga Auta, ya yi murmushi.

"Yau da wuri? Duba min Shokin mana, tun ɗazu ban ji motsinta ba."

Auta ta ruga wurinsa. Ba ta san lokacin da ta ɗauke kyanwar ta jefa ɗaki ta ja ƙofa ba. Ta durƙusa ta zare safar. Sabon rauni guda, a gefensa wasu ƙanana da suka fara bushewa. Ta matsa yatsan da ƙarfi tana kallon fuskarsa. Ko gezau.

Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Daga baya ya ce ƙafafun sun jima da yin nisa da shi, tafiya ma ji yake kamar yana taka auduga. Bai faɗa ba don Nas za ta tayar da hankalin kowa, a fara yawo da shi asibiti. Ya ce ta wanke masa da ruwan gishiri, ta sa masa wata safar, magana ta mutu a nan.

"Tsakaninmu, Autata. Kin san abin da yayarki ta ce."

Ashe ya ji.

Ta shiga kicin ta jingina da firji, waya a hannu. Ta bayan ƙofar ɗaki tana jin Shokin tana kuka da 'yar siririyar muryarta, irin kukan da ta yi a magudanar ruwa. Ta tuna dariyar nan mai haɗe da tari. Ta tuna falon kafin zuwan kyanwar, yadda ƙarar agogo kaɗai ake ji. Sannan ta tuna jan da ke jikin safa. Ta danna lambar Nas.

Nas ta iso da kayan aikinta a jiki, jaka a kafaɗa, a ɗaya hannun kwalin safar hannu na asibiti wanda ta riga ta huda wa ramuka a murfi. Ta ajiye shi a bakin ƙofa. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata Auta ke nan. Ta durƙusa ta wanke raunin, ta sa Auta riƙe kwanon ruwa, ta ce bai yi zurfi ba amma gobe da sassafe sai asibiti. Ta tambayi Baba tun yaushe. Ya ce shi fa wayar wuta ta sha jefar da shi daga kan benci bai taɓa cewa wash ba, ba a kan ƙafa zai fara ba. Nas ta ce ai shi ya sa.

Auta ta tattaro ƙarfin hali ta ce laifin ba na kyanwar ba ne. Duk abin da ta koya mata da safe, ƙafar Baba tana rushe shi da rana, don ƙafar tana gaya mata cizo ba ya zafi.

"To ƙafar za ki koya wa kuka?" in ji Nas, ba ta ɗago ba.

Ƙofar ɗakin ba ta kama da kyau, kowa a gidan ya sani. Auta ce ta fara ganin Shokin: ta fito ta bi gefen bango, ciki a ƙasa, idanu a kan ƙafar dama da ke lilo daga bakin tebur. Hannuwan Nas duka biyu suna kan ɗaurin bandeji. Auta na riƙe da kwano cike da ruwa. Kafin ta buɗe baki, Shokin ta karkaɗa ƙugu, ta tashi sama.

Baba ma ya gani. Ya ga ta rungume ƙafar, ya ga bakin ya buɗe a kan yatsan da ba ya ji.

"Wash," ya ce.

Da farko a shaƙe ta fito, kamar rediyon da ya daɗe ba a kunna ba. Sai ya sake faɗa da ƙarfi, muryarsa ta tsage a tsakiya, ta zarce inda bai nufa ba. Ya sa tafin hannu ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Ko ranar jana'izar Mama 'ya'yansa ba su ji wannan sautin ba.

Shokin ta sandare, baki a buɗe. Ta saki. Ta ja da baya ta zauna a kan bindinta tana kallonsa, kunne ɗaya a karkace.

Nas ta kamo ƙafar dama, ta duba yatsan sama da ƙasa, ta kai shi haske ta sake dubawa. Yawu ne kawai. Ta ƙarasa ɗaure bandejin a hankali, ta share idonta da bayan hannu kamar gumi ne.

Da ta miƙe sai ta jero sharuɗɗa tana tattara kayanta. Takalmi sau-ciki daga tashi har kwanciya, ko a cikin falo. Auta ta duba ƙafafun nan kullum, har tsakanin yatsu. Idan babu kowa a gida, kyanwa a ɗaki, a kuma gyara ƙofar yau. Baba ya ja hanci, ya laluba ya zare eriyar rediyon da ke cinyarsa, ya ja ta iya tsawonta, ya ɗaura guntun bandeji a bakinta. Ya ce daga yau ta nan Shokin za ta riƙa kama tashar, ba ta ƙafarsa ba.

Nas ba ta yi dariya ba. A bakin ƙofa ta nuna kwalin da ƙafa.

"Na bar shi nan. Ban ce na fasa ba."

Auta ta raka ta har ƙasan bene. Da ta dawo, Baba yana kaɗa eriya shi kaɗai a iska. Shokin ta ture murfin kwalin ta shige, ta naɗe a ciki, idonta ɗaya yana leƙo su ta ramin da Nas ta huda.