Ɗakin Ƙanƙara na Rokiyoh

Tun ranar da Sarina, 'yar Rokiyoh, ta bugo waya daga ƙasar Suwidin ta ce za ta zo hutun Disamba tare da 'yarta Elin, Rokiyoh ba ta sake zama wuri ɗaya ba. Shekarar jikar nan takwas, ba ta taɓa ganinta ba sai a waya: kullum cikin jibgegiyar riga, ƙanƙara har gwiwa, hanci jajir. Ita kuwa Rokiyoh ta sha ganin abin da ranar tsibirinsu take yi wa Turawan da ke zuwa a wannan wata. Su kwanta a yashi da hantsi, kafin la'asar sun koma kamar dafaffiyar ƙaguwa. To ina ga yarinyar da aka haifa cikin ƙanƙara?

Sai ta shiga shiri. Ta kwashe komar mijinta Dolah daga ɗakin baya, ta toshe tagogi da zannuwa, ta aro fanka biyu a maƙwabta ta haɗa da tasu. Ta roƙi Usen mai kai wa masunta ƙanƙara ya riƙa ajiye mata dunƙule guda kowace safiya, ta sa a baho gaban fankokin.

Dolah ya leƙa ya ja da baya. "Jika za ki sauke, ko kifi za ki adana?"

"Kai dai riƙe bakinka, tsoho. Ya yi sanyi?"

"Ni ko ɗaure ni aka yi ba na kwana a nan. Gwiwoyina ba na aro ba ne."

Su mutanen tsibirin sanyi suke ji a lokacin. Da safe Rokiyoh ba ta fita sai da hular ulu a ƙarƙashin mayafi, maza a shagon shayi suna rungume da kofuna suna cewa bana abin ya yi yawa.

Baƙi suka iso, aka yi kuka, aka yi dariya, aka ci kifi. Washegari Sarina ta tsallaka birni sabunta katin shaidarta, aikin da ya riƙe ta kwana uku. Ta bar Elin a hannun kaka.

Yarinyar ba ta jin yaren mahaifiyarta sai kaɗan. Ta nuna wa Rokiyoh wata takarda da ta zana tun a makaranta, abubuwan da za ta yi idan ta zo: ga kwale-kwale, ga kifi, ga wata yarinya cikin ruwa, ga rana ƙatuwa ta cinye rabin takardar.

"Kaka, teku?"

"Sai rana ta yi sanyi, 'yar albarka."

Idan rana ta yi sanyi kuma sauro ya fito, don haka sai gobe. Rokiyoh ta yi ta shiga da ruwan kwakwa, da gwanda, da ayaba soyayya. Elin ta ci kaɗan, ta koma bakin taga, ta ɗaga gefen zane tana kallon yaran gari suna tsalle daga kan gadar da jiragen ruwa ke tsayawa suna faɗawa ruwa. Rokiyoh ta ga ta yi shiru, ta ce lallai zafi ne, ta sa Usen ya ƙara dunƙule.

Ran na huɗu da azahar Sarina ta dawo. Tana buɗe ɗakin, Elin ta ruga ta ƙanƙame ta, ta ɓarke da kuka da yaren can, magana ba numfashi. Can Sarina ta fito tsakar gida.

"Inna, kwana uku a ɗaki? Ko ƙafa ba ta sa a ruwa ba?"

"To so kike ta ƙone? Ba ki ga fatarta ba?"

"Inna, kin san daga ina muka fito? Rana ba ta fitowa sai ƙarfe tara, kafin uku ta faɗi. Wani satin ma ba a ganinta sam. Da duhu take tafiya makaranta." Ta zaro wata 'yar kwalba daga jaka. "Kin ga wannan? Kullum sai na ɗiga mata a cokali, saboda jikinta ba ya samun rana."

Rokiyoh ta karɓi kwalbar ta juya ta. "Yanzu abin da nake shanya kifi da shi ne ake ba yara a cokali?"

"Wata biyu tana ƙirga kwanakin zuwa nan. Yanzu cewa take mu tafi. Gobe da jirgin ƙarfe tara za mu koma otal a babban tsibiri, can aƙalla za ta yi wanka. Za mu leƙo ku kafin mu tashi."

Kwana goma sha ɗaya suka rage musu, kuma Rokiyoh ta san abin da ake nufi da leƙowa. Ta zauna a kan matakala. Dolah yana gefe yana ɗinkin koma. Bai ɗago kai ba ya ce, "Yau sha biyar ga wata. Da la'asar ruwa zai janye har bayan dutsen can."

"Wa ya tambaye ka?"

"Da komar nake magana."

Rokiyoh ta tashi ta shiga ɗakin baya, ta kashe fankokin ɗaya bayan ɗaya, ta yaye zannuwan. Ta ɗauko bokiti biyu, ta tsaya a gaban Elin, ta miƙa mata ƙaramin.

"Teku," ta ce.

Elin ta dubi mahaifiyarta. Sarina ta ɗaga kafaɗa, ta shafe yarinyar da man kariyar rana. Rokiyoh ta ga man ba ya ko nunawa, ba ta yarda da shi ba, sai ta kwaɓa farar hoda da ruwa ta lafta mata a kumatu da goshi, ta lafta wa kanta. Elin ta dube ta, bakinta ya ɗan motsa kamar za ta yi murmushi.

Da suka isa bakin teku, babu teku. Yashi ne jiƙaƙƙe da ciyawar ruwa shimfiɗe har inda ido ya tsaya, matan gari sun bazu a kai da bokitai. Elin ta tsaya turus.

"Kaka, ina ruwa?"

"Ya je unguwa. Zai dawo. Cire takalmi."

Ta nuna mata yadda ake yi. Ba a tono, ba a gaggawa. Ana jan ƙafa a hankali cikin ciyawa, idan tafin ƙafa ya ji abu mai santsi da tauri, sai a sunkuya. Ta sunkuya ta ɗago dodon koɗi mai farin baki, ya fito da 'yar ƙafarsa yana harbin iska. Elin ta yi ƙara ta ja da baya, ta kuma matso.

Rokiyoh ta zo da laima. Duk inda yarinyar ta yi, tana biye da ita tana kare mata rana, har Halimoh maƙwabciyarta ta hango su.

"Rokiyoh, sarauniya kika samu kike wa fadanci? Ko ita ce mai ɗakin ƙanƙarar? Fankata fa, mijina gumi yake yi!"

"Ki zo ki ɗauki tsiyarki yau ɗin nan. Ƙara ta fi iska yawa."

Matan suka kwashe da dariya. Elin ta fice daga ƙarƙashin laimar, Rokiyoh ta bi ta, ta sake ficewa. A karo na uku tsohuwar ta naɗe laimar ta soka a hammata.

Ƙafar Elin ba ta iya aikin ba. Dutse ta yi ta ɗagowa, da guntun kwalba, da wani tsohon silifa. Amma idonta kamar na shaho. Ita ta fara lura cewa dodon koɗin yana barin ɗan layi a yashi inda ya ja jiki. Ta bi layi ɗaya da gudu, ta cafko na farko, ta ɗaga sama tana ihu da yarensu. Sai ta juyo da gudu za ta nuna wa kaka, ƙafarta ta faɗa ramin laka, ta kife da fuska.

Rokiyoh ta yar da bokiti. Ta ɗago ta, baƙar laka tun daga gashi har ƙafa, ga jini yana tsattsafowa a gwiwa inda ɓawon wani dodon koɗi ya yanke ta. Shi ke nan, ta ce a ranta, ko jirgin tara ba za su jira ba.

"Mu je gida, mu je gida, Allah ya sa ba ki karye ba."

Elin ta tofar da laka. Hannunta na dama a dunƙule yake, ba ta saki abin da ta kama ba. Ta buɗe, ta ga yana nan, sai dariya ta kama ta har ta sake zama cikin lakar.

"Gida a'a! Kaka, wani!"

Rokiyoh ta wanke mata gwiwar da ruwan gishiri, ta yagi bakin mayafinta ta ɗaure. Ba su bar wurin ba sai da ruwa ya dawo yana lasar idon sawunsu, Elin ta kwanta a cikinsa da kayanta, ɗumi kamar ruwan wanka. A gida aka tafasa abin da suka samo. Dolah ya koya mata kama 'yar ƙafar a zaro naman a tsoma a yaji da lemun tsami. Ta ci tana hawaye tana neman ƙari.

Da safe Sarina ta fito da akwati. Rokiyoh tana bakin murhu, ba ta juyo ba. Elin ta fito da bokiti a hannu, kafaɗunta sun ɗan yi ja.

"Kaka, ruwa tafi yaushe?"

"Yau zai makara kaɗan. Kullum sai ya ƙara makara, kamar kakanki da sallar asuba."

"Ina jin ki," in ji Dolah daga waje.

Sarina ta yi wa 'yarta magana da yarensu, ta nuna akwati, ta nuna hanyar gada. Elin ta girgiza kai, ta kife bokitin ta zauna a kai, ta naɗe hannu. Daga bakin gada jirgin tara ya yi ƙaho sau biyu. Sarina ta dubi yarinyar, ta dubi bayan mahaifiyarta, ta sauke numfashi.

"Inna, akwai sauran bokiti? Rabona da shiga lakar nan shekara goma sha biyu."

"Akwai," in ji Rokiyoh, tana goge ido da bayan hannu. "Amma kada ki sa rai. 'Yarki ta fi ki ido."