Yadda Muka Koya wa Gawayi Ci a Hannun Kowa

"Matsar da kwanon kusa da hancinsa," in ji Baba Silvanus. Da ƙyar maganar ta fito, bakinsa ya karkace gefe guda, miyau na bin haɓarsa.

Na matsar. Tuwon masara ne da romon ƙashin saniya, ni kaina ban ci mai daɗinsa ba a ranar. Gawayi, karensa, ya dubi kwanon, ya haɗiyi miyau, ya mayar da ido kan bakin maigidansa. Kwana huɗu ke nan karen nan bai sa komai a cikinsa ba sai ruwa.

Baba ya tattara leɓe zai yi fito. Iska ce kawai ta fito, da tofi. Ya sake. Ya sake. Sai ya juya fuska wajen bango, kafaɗarsa mai rai tana rawa.

"Kai dai ka ci, ɗan banza!" na daka wa karen tsawa. Ko kallona bai yi ba.

Ni ce Joanna, amma a unguwarmu ta bayan tashar jirgi a Kafanchan Mama Doreen ake kirana. Langa-langa ɗaya ce ta raba gidana da na Baba Silvanus. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, matarsa ta daɗe da rasuwa, ɗansa guda, Meshak, yana Abuja. Da ɓarin jikin Baba ya shanye ranar wata Talata, wa zai shiga ya juya shi, ya wanke shi? Ni ce.

Wannan ƙin cin abinci kuwa, da hannuna a ciki. Shekara biyar da suka wuce ɓarayi a kan mashin suka jefa wa tsohon karensa nama, suka cusa karen a buhu suka gudu. Baba ya rantse ba za a ƙara yi masa haka ba. Ya samo ɗan kwikwiyo baƙi wuluk, ya shiga koyar da shi kamar mai horar da soja. Zauna. Kwanta. Zo nan. Tafiya a gefen ƙafarsa ta hagu, ba ja, ba tsere. Ba haushin yara, ba hawa jikin baƙo, ba bin kajin mutane. Duk wannan da lallashi ya yi, da guntun ƙuli-ƙuli a aljihu. Amma da aka zo darasin abinci, babu lallashi. Sai ya tsaga nama ya cusa attarugu, ya ba ni in miƙa. Kwikwiyon na cafkewa, wayar birki na sauka a bayansa. Ga baki na wuta, ga baya na wuta. Ranar ni, gobe mai gyaran tayan unguwarmu, jibi wani mai waƙa daga coci. Wata biyu muka yi. Ba zan ɓoye muku ba, dariya na riƙa yi idan ya ruga yana goga baki a ƙasa. Daga nan Gawayi bai ƙara cin komai ba sai in Baba ya yi fito sau biyu, gajere da dogo. Baba ya riƙa tara mutane a ƙofar gida, ya ɗora tsire a kan tafin karen ya shige ɗaki, ya fito ya tarar da shi yadda ya bar shi.

To ga shi bakin da ke fiton ya mutu kafin mai shi.

Na gwada fiton, har na kira mai gyaran taya ya gwada. Gawayi ya ɗaga kunne ɗaya ya sauke.

"Joanna." Baba ya kamo bakin zanina da hannunsa na dama. "Ni zan tafi. Shi... kada ya mutu da yunwa. Ni na ɗaure shi."

"Sai ka kwance shi mana, tunda ka iya ɗauri."

Baƙar magana ce, na sani. Amma ita ta ba shi dabara. Ya buɗe tafin hannu ya nuna mini tuwon. Na gutsura na ɗora masa. Gawayi ya matso yana karkarwa, ya shinshina, ya ja da baya yana jiran duka. Baba ya tsayar da hannun, hawaye na shiga masa kunne. Sai da romon ya bushe a yatsunsa kafin karen ya miƙo harshe. Yana lasa ya runtse ido ya ƙanƙame jiki. Da dukan bai zo ba, ya cinye har da lashe tsakanin yatsu.

Kwana uku muna haka. Rana ta huɗu na sa hannuna ƙarƙashin nasa. Bayan kwana biyu na mayar da nawa sama, nasa ƙasa. Gawayi ya yi mini wani irin kallo, ya san hannun nan sarai. Amma ya ci. Ranar da Baba ya zare nasa gaba ɗaya, karen ya ci a tafina ni kaɗai, sai da na yi guɗa a ɗakin marar lafiya.

"Ya isa," na ce. "Ni zan riƙa ba shi."

Baba ya girgiza kai. "In kin yi tafiya fa? In kin kwanta?"

Don haka duk wanda ya zo dubiya sai an ɗora masa tuwo a hannu. Fasto ya miƙa, yana ɗage hannun rigarsa. Matan zumunta na cocinmu suka miƙa, suna ihu. Mai gyaran taya ya miƙa. Kafin mako biyu Gawayi ya mayar da jiki, ya zama mai kaɗa wa kowa wutsiya, har tsalle yake in ya ga kwano. Baba yana kallo daga gado, rabin fuskarsa na murmushi.

Da hantsin wata Alhamis ya rasu, ina cikin ba shi kunun acca. Maganarsa ta ƙarshe da na gane, idonsa a kan Gawayi, ita ce, "Naki ne." Na ce masa, "Na ji, Baba. Muddin ina numfashi." Na rufe masa ido.

Meshak ya iso da farar mota da kwalin ruwan roba. Mutumin da sau ɗaya ya bugo waya a duk jinyar nan, shi ya fi kowa kuka. Ya ga Gawayi kwance a bakin ɗaki, ya tsaya daga nesa.

"Mama, wannan har yanzu yana nan? Shi da ba ya yarda da kowa?"

Da na kama bakina! Amma ina, alfahari ya cika ni. "Wa ya gaya maka? Miƙa masa ka gani." Na ɗora masa guntun burodi. Gawayi ya karɓa a hankali, ya lashi yatsunsa. Na nuna masa zauna, na nuna masa kwanta. "Babanka ya bar mini shi," na ce.

"Toh, Mama. Za mu yi magana bayan biso, in an rufe shi."

Ranar Asabar da sassafe samarin ƙauyen su Baba suka zo da diga da shebur, suka fara tonon kabari a bayan gida kusa da na matarsa. Al'adarsu ce, masu tono ba a sallamar su da komai sai nama da abin sha, kuma su ke yanka abinsu su dafa da kansu. Na ji suna gunaguni cewa akuyar da aka ba su ƙarama ce, ban sa a raina ba. Na ɗaura zanin zumunta, na bi akwati zuwa coci. Sa'a uku muka yi. Meshak ya hau mumbari ya ce mahaifinsa mutum ne mai tausayin ko da dabba.

Tun daga layin dogo, muna dawowa da gawa, na ji ƙaurin babbaka. Na san na akuya. Wannan ba shi ba ne.

Na bar layin mata na zagaya baya da gudu. Tukunya na tafasa a kan duwatsu uku. Wani dogo cikin masu tonon yana zuba ganyen ɗaɗɗoya.

"Ina karen gidan nan?"

"Oga Meshak ya ƙara mana shi, Mama." Ya yi dariya. "Kai, amma wannan kare ya yi makaranta! Mun zo da buhu, mun ɗauka za a sha fama. Na miƙa masa hanjin akuya kawai, ya zo. Oga ya ce mu ce masa kwanta. Na ce kwanta, ya kwanta. Har wutsiya yake kaɗawa."

Na cafko Meshak a gaban mutane, na riƙe wuyar rigarsa. "Nawa ne! Ubanka ya ba ni!"

"Mama, don Allah, kare ne fa." Ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya. "Ki rufa mana asiri, Fasto na jira."

Matan zumunta suka ja ni cikin layi, wata ta soma waƙa, saura suka amsa. Aka sauke Baba. Da aka miƙo mini shebur in zuba ƙasa, na kasa duban akwatin, a gefe na zubar.

Samarin suka bar tukunya suka zo rufewa. Sun iya aiki, ba laifi. Suka cika ramin, suka daddale ƙasar da bayan shebur har ta yi sumul. Dogon nan ya tsaya daga wajen kai, ya karyo tsinken tsintsiya yana sakace.