Na'ura Mai Jiran Baƙo

Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, kuma abin bai taɓa damuna ba sai shekarar da aka kawo na'urar nan Gure. Ƙanwata Zaliha ce ƴar bokon gidanmu. Da ta ci jarrabawar shiga kolej, Baba ya ɗauko ta daga garinmu Kelle ya kawo ta gidan mijina, ya ce mini, "Yabawa, ga amana. In ta gama kolej ta samu abin yi, ta tafi da albarkata. In ba ta samu ba ta dawo, uwarku ta tsufa, awaki ba su da mai bi." Kowa ya san Baba ba ya magana biyu.

Tana ajin ƙarshe motar wani furoje, irin ƙungiyoyin taimakon nan, ta sauke kwalaye a lakwal ɗinsu. Wai ordinatar ce, na'urar nan mai ƙwaƙwalwa, wasu Turawa suka aiko don yara su koya. Ranar Zaliha ko abinci ba ta ci ba don murna.

To, amma akwai darektansu, Mushe Garbai, don da Mushe ake kiran malaman boko a wajenmu. Mutum ne mai tsoron na sama kamar ransa. Ya sa aka jera na'urar a ɗakin da ke jikin biro ɗinsa, wato ofishinsa, aka toshe taga, matarsa ta ɗinka mata mayafi mai ado kamar na jeren amarya, ya rufe, ya jefa makulli a aljihu. Ya ce kayan gwamnati ba a taɓa su sai babba ya zo daga Yamai ya yanke ƙyalle.

"Ba a cin tuwon baƙo kafin baƙo ya iso," in ji shi.

Wallahi har ni na gyaɗa kai da na ji, don haka aka tashe mu. Wa zai buɗe kwanon baƙo?

Akwai wani malaminsu, Mushe Idrissa, mutumin Dosso, bawan Allah mai son yara. Shi ma bai taɓa taɓa ordinatar ba, amma ya iya mashin ɗin rubutu irin na da, mai ƙara kamar ana fasa ƙwara. Da ya ga jira ya yi yawa sai ya dubi hoton da ke jikin kwalin na'urar, ya zana wa kowane yaro haruffan a guntun kwali, kowane harafi a gidansa. Ya ce su riƙa koyo a nan kafin a buɗe. Dokarsa ɗaya ce: yatsa ya danna harafi ya zauna a kai, kada ya tashi sai ido ya gano na gaba. Haka shi ya koya a mashin ɗinsa, kuma bai taɓa ganin illar hakan ba.

Sauran yara sun yi kwana biyu suka mai da nasu mafici. Ban da Zaliha. Kullum in ta dawo sai ta kifa tsohon turmi a tsakar gida, ta ɗora kwalinta, ta baje yatsu. Ina daka tana daka.

"Ke, kwali ne zai ba ki tuwo?"

"Shi ne, Yaya. Za ki gani."

Har ta kai tana rufe ido in faɗi magana ta buga. Nakan zage ta da gangan in ce ta rubuta, ta rubuta tana dariya, ta ce saura a buɗe ɗakin in ga zagina a gilashin na'urar.

Aka sa ranar zuwan baƙo. Aka share fili, aka sayi rago, mata muka yi anko. Bai zo ba, wai ma'aikata na yajin aiki. Aka sake sa rana, sai aka yi juyin mulki, babban da ake jira ya zama ba kowa ba, sai an jira sabo. Ragon nan har ya saba da yara, yana bin su aji. Ankona ya koɗe a wanki.

Ana cikin haka Mushe Idrissa ya zo gidanmu da labari. Wani furoje a Damagaram zai ɗauki ƴan mata ya koya musu aikin sakatare, da ci da kwana, in sun gama da aiki. Amma sai an yi gwaji, kuma a kan na'ura za a yi. Ya ce ya ba da sunan Zaliha. Ya ce ya roƙi darekta a bar ta ta taɓa tasu ko sau ɗaya, an ce masa ya tsaya a matsayinsa.

Na yafa gyale na tafi da kaina.

Mushe Garbai ya karɓe ni da fara'a, har ya buɗe mini ɗakin. Ya ɗaga gefen mayafin kaɗan, yadda ake leƙa fuskar jariri, ya mayar.

Na ce, "Ranka ya daɗe, Mushe, yarinyar nan ƴarka ce. Ka bar ta ta zauna gaban abin nan ko da tsawon shan shayi ne. Ni zan tsaya a ƙofa, ba mai ji."

"Madam, in ta lalace kafin baƙo ya zo, wa za a tambaya? Ke?"

"Ba don yara aka kawo ta ba?"

"Don yara aka kawo ta mana! Shi ya sa nake tsaron ta. Ai Zaliha ta iya a kwali, na ji labari. Wanda ya iya a kwali ya iya."

Na ce masa to shi ma a zana masa tuwo a kwali yau da rana, mu ga ko zai ƙoshi. Ya haɗe rai ya ce lokacin salla ya yi. Na fito ina huci, na zagi ragon da ya tare mini hanya, don shi kaɗai nake iya zagi a wurin.

Ni na raka ta Damagaram. Muka sauka gidan wata ƴar'uwar mijina, da safe muka tafi wurin gwajin. Ba a bari na shiga ba, sai na tsaya ta taga. Ƴan matan birni suna shiga ɗaya bayan ɗaya, wasu ka gani ka san sun saba taɓa abin a biro ɗin kawunnansu. Aka kira Zaliha. Ta zauna, ta yi bisimilla, ta baje yatsunta yadda take yi a kan turmina.

Ta danna harafin farko, ta bar yatsa a kai tana neman na gaba, kamar yadda aka koya mata.

Sai harafin ya zuba a guje. Ya cika layi, ya faɗa na biyu. Ta ɗago kai ta gani, ta cire hannu kamar ta taɓa garwashi. Ta sake dannawa, wani ma ya zuba. Kwali bai taɓa gaya mata na'ura tana yin haka ba, kuma bai taɓa gaya mata yadda ake gogewa ba, don a kwali ba ta taɓa ganin kuskurenta ba. Ta ɗauka ta lalata kayan mutane.

Matar da ke gwajin ta matso ta ce, "Ƴata, ba ki taɓa taɓa irinta ba ne?"

"Muna da ita a lakwal ɗinmu."

"To?"

"Muna jiran baƙo."

Ɗakin ya fashe da dariya. Matar ba ta yi ba, ta dai dafa ta, ta kira ta gaba. Ni kuwa a bakin taga na yi kuka, ban ɓoye ba, mai kallo ya kalla.

Ba a ɗauke ta ba. Lakwal ta ƙare, Baba ya aiko cewa ranar kasuwa zai zo ya tafi da ita. Sai ga shi ana gobe kasuwa baƙo zai iso! Mushe Garbai ya turo gidana a kawo Zaliha, wai ita kaɗai ce a lakwal ta taɓa zama gaban na'ura, ita za ta nuna wa baƙo. Ka ji rashin kunya? Na rantse ba inda za ta.

Ta ce, "Bari in je, Yaya."

An cika fili, an yanka rago, an fito da na'urar ƙarƙashin rumfa, an tada injin wuta. Baƙon ya yanke ƙyalle, aka yaye mayafi, gilashin ya kawo haske. Zaliha ta zauna. Ba ta baje yatsu ba. Ɗaya tak ta ɗora a kan harafi, ta danna, ta ƙi ɗagawa, ta zuba wa Mushe Garbai ido.

Harafin ya zuba, layi bayan layi, har gilashin ya cika. Mata suka rangaɗa guɗa. Wani ya ce, "Kai, yarinyar nan da sauri take!" Baƙon ya tafa, ya ce ga shi ƴaƴan karkara ma sun shiga zamani. Ko bai gane ba ne, ko ya gane bai damu ba, Allah masani. Mushe Garbai yana ta washe baki yana goge gumi, mai foto yana ɗauka. Mushe Idrissa kaɗai na ga ya sunkuyar da kai, ya bar wurin tun ba a raba nama ba.

Kafin la'asar an mai da mayafi an kulle ɗaki, don baƙon ya ce za a turo ƙwararren da zai koyar, kada a taɓa sai ya zo.

Washegari Baba ya zo. Zaliha ta ɗaure kayanta, ba ta yi kuka ba, ni ce na yi ta masifa da tukwane. Har ta kai zaure ta dawo, ta zaro kwalin daga ƙarƙashin tabarma ta miƙo mini.

"Ki riƙa fifita wuta da shi, Yaya."

Na gwada da yamma. Ko iska bai kawo ba. Duk gidajen haruffan yatsunta sun huda su.