Katin da Bai Taɓa Hutawa Ba

Lucas ne ya kashe shi. Haka Inna Ma'u ta faɗa a tsakar gidan hayarsu na unguwar Borokiri tun gawa na kwance, haka kuma ta maimaita wa duk wanda ya zo gaisuwa. Masu cewa ta yi haƙuri, ai inji ne ya nuna shi, sai ta ce su rufe mata baki. Inji bai taɓa zama a kan bencinta ya ci tuwo ba. Lucas kuwa shekara huɗu yana ci, har da neman ƙarin miya.

Mamacin shi ne Gwadabe, ɗanta na fari, lebura a siton wani kamfanin Turawa a tashar jirgin ruwa ta Fatakwal. Da yake ɗan fari ne, shekara talatin da ɗaya bakinta bai taɓa kama sunansa ba. "Wancan" take cewa, in ta ji daɗinsa kuma ta ce "mutumin nan".

Shekara biyar da samun mulkin kai kamfanin ya kawo wani inji daga Turai. Turawa na ce masa kwamfuta, leburori suka sa masa Mai Ƙwaƙwalwa. Kowane lebura na da katin aiki mai lamba da yake nunawa a ƙofa da safe. Lucas, akawu mutumin kudancin Zariya, shi ke huda lambobin a jikin wasu kwalaye ya zuba wa injin. Injin ne ke faɗin leburori nawa za a tura wa kowane jirgi. An ce yana tunani kamar mutum, har ya fi mutum, don ba ya mantuwa kuma ba shi da ɗan'uwa balle ya yi son kai.

Sai bandir-bandir na yadi suka fara ɓacewa a sito, har sau tara. Manaja ya ce a tambayi inji: wane ne yake bakin aiki a duk ranakun nan tara? Injin ya yi gurnaninsa, ya tofo kati ɗaya. Lambar Gwadabe.

Abin da injin bai sani ba, duk Bahaushen da ke tashar ya sani. Katin mara lafiya ba ya kwana banza. Ana kai wa helma, wato shugaban leburori, shi kuma ya ba baƙon da ya sauko daga Arewa bai sami gurbi ba, baƙo ya ci abinci, mai kati kuma kada a soke sunansa. Masu gadin ƙofa lamba suke dubawa, ba fuska ba. Wata biyu kurkunu ya kwantar da Gwadabe, ƙafa ta kumbura kamar turmi, ko bayan gida sai da sanda. Kullum da safe Inna Ma'u da hannunta take zaro katin daga ƙarƙashin matashi ta miƙa wa Arzika helma. Mutum bakwai suka yi aiki da shi. Sauran katuna suna hutu, wannan bai huta ba ko kwana ɗaya.

Lucas kuma ya ga ƙafar. Ya zo cin tuwon rana ya tarar Inna Ma'u tana naɗe tsutsar kurkunun a jikin tsinke, har ya yi dariya ya ce, "Gwadabe, wannan zaren naka ai ya isa ɗinka riga."

Ranar Laraba da hantsi masu gadin kamfani huɗu suka shigo gidan. Ba su yi sallama ba. Suka kama Gwadabe ta ƙafar mai ciwo suka ja shi daga kan tabarma, tsinken ya karye, tsutsar ta tsinke a ciki, ya yi wata ƙara da ta tsayar da masu wanki a bakin ruwa. Inna Ma'u ta riƙe rigar ɗayansu, ya mangare ta da gwiwar hannu ta faɗa kan murhu. A bayan sito suka ɗaure shi a jikin ƙarfe, suna dukansa da kulki da wayar da ake ɗaure kaya, suna tambayar inda yadi yake. Ya ce shi ranakun da aka yi satar ba ya nan. Suka ce inji ya ce yana nan. Ya ce a dubi ƙafarsa. Suka doki ƙafar. Bai ambaci Arzika ba, bai ambaci ko ɗaya cikin bakwai ɗin ba, don ya san in maganar aron kati ta fito, duk Hausawan sito za a kora. Da la'asar aka turo shi gida a amalanke, an rufa masa buhu. Kafin magariba ya cika.

Ranar da aka yi sadakar uku, da baƙi suka watse, Inna Ma'u ta ɗaure zane ta ɗauki taɓarya. Arzika na zaune a ƙofar gida yana jan carbi.

"Inna, ina zuwa da taɓarya?"

"Daka zan yi."

"Don girman Allah ki zauna. Mutum sittin ne da iyalansu. In kika buɗe baki a can..."

"Kai da ka rufe naka, me ka tsare? Ka tsaya a bayan sito kana ji suna fasa shi kamar kwakwa. Matsa, ko in fara da kai."

Bai matsa ba. Ta sauke masa taɓaryar a ƙauri, ya zube yana salati, ta tsallake shi ta wuce.

A ƙafa ta je. Mai gadin ƙofar ofis ya tare ta yana cewa, "Mama, komot! Komot!" wato ta fita. Ta gane shi, shi ne wanda ya mangare ta. Ta kai masa duka a wuyan hannu, kulkin ya faɗi, ya durƙusa yana ihu da yarensu. Ta bi baranda tana leƙa ɗakuna har ta iso wata ƙofar gilas. Duka ɗaya gilas ɗin ya tarwatse.

Sanyi ya buge ta a fuska. Ɗanta ya yi wata biyu yana gumi a ɗakin kwano, ga shi an yi wa ƙarfe ɗaki mai sanyi kamar randa. Injin na tsaye a jikin bango, akwatuna uku manya masu launin toka, fitilu na ƙyaftawa, yana haɗiyar kwalaye yana tofarwa. Lucas na gabansa da kwalaye a hannu. Da ya gan ta suka zube.

"Inna..."

"Kada ka ce mini inna. Wannan ne mai ƙwaƙwalwar?"

"Shi ne."

"Tambaye shi. Ka ce uwar wancan ta zo. Ka ce ya faɗa mini da wace ƙafa wancan ya ɗauki yadi."

"Ba ya jin magana, Inna. Abin da aka huda masa kawai ya sani. An tambaye shi wane kati, ya faɗi kati. Bai yi ƙarya ba."

"To wa ya mai da kati mutum?"

Lucas ya sunkuyar da kai.

"Da ya tofo lambar, a hannun wa ta faɗo?"

"A hannuna."

"Kana da baki a ranar, ko tuwona ya toshe shi?"

"Na so in faɗa, wallahi. Manaja ya ce injin ba ya kuskure. In na ce ana aron kati, zai ce tun yaushe na sani. Ni ma kora ce, da su Arzika duka. Na ɗauka tsoratarwa kawai za su yi, su sake shi."

Ta ɗaga taɓarya. Lucas ya kare kansa da hannuwa, amma injin ta nufa. Ta doke shi inda fitilu suke, ta sake dokawa, kwalaye suka tashi sama kamar ana shiƙa, wani abu ya yi tartsatsi, warin ƙuna ya cika ɗakin. Gurnanin ya tsaya. Ta saurara ko zai yi kuka, ko zai ce a dubi ƙafarsa. Bai ce komai ba. Nan ta tabbata ta ɓata ƙarfinta a banza.

Masu gadi uku suka faɗo mata. Kulki ya same ta a baki, haƙora biyu suka fita, suka murɗe hannunta baya suka danne ta a kan fasasshen gilas. Sai ga manaja, fuska jawur, bai ko dube ta ba, ya wuce wurin injin yana shafa inda ya lotsa. Ya yi magana da Turanci, da sauri.

"Me ya ce?" in ji ta, jini na bin haɓarta.

"Ya ce a kira 'yan sanda," in ji Lucas. "Ya ce wa zai amsa laifin wannan ɓarnar."

Ta yi dariya har ta ƙware.

"Ashe ana amsa laifi a gidan nan! Ka ce masa ni ce, ga ni, Ma'u mai tuwo, ban aro katin kowa ba. Ka kuma ce masa ni na miƙa katin nan da hannuna kullum safiya, wannan nawa ne, zan ɗauka har kabari. Saura nasu."

Lucas ya fassara. Manaja ya juyo ya yi wata tambaya gajeriya.

"Wai wace lamba kike magana a kai."

Ta tofar da jini a kan kwalayen da suka watse. Masu gadi suka ji ta yunƙura, suka ƙara dannewa, amma ta ɗago kai.

"Ba lamba ba ce. Gwadabe."

Sunan ya fito mata da nauyi, kamar ba da bakinta ba. Lucas, da ya san shekara huɗu bai taɓa jin ta faɗe shi ba, ya jingina da bango.

"Gwadabe sunansa. Ka faɗa masa yadda na faɗa. Ku kira 'yan sandan, ina jira. In sun zo, a gabansu zan tambaya: ƙarfen nan ba shi da baki, kai kana da shi, Baturen nan yana da shi, waɗannan da suka danne ni suna da hannu. Ɗaya cikinku ya miƙe ya ce shi ne. Lucas, ɗago kanka ka dube ni. Wa zai amsa jinin Gwadabe?"