Ganyen da Ke Bakin Hanya

Tun da na gama sakandare nake neman hanyar barin tsibirin nan. Madam Leisale, mai kamfanin yawon buɗe ido, ta ce in na kai baƙinta suka ga ayun teku, za ta ɗauke ni aiki a Port Vila, babban birninmu. Gwaji ɗaya ne, babu na biyu.

Na tarye su a bakin ruwa. Turawa ne, sun sha mai a jiki, kowa da kyamara a wuya. Na nuna musu jemagu a kan bishiya, na nuna musu inda mata ke saƙa tabarma. Bakina yana magana, hankalina yana can gaɓar da ayu ke kiwo.

Da muka iso hanyar gaɓar, na tsaya cak. An kafa sanda a tsakiya, an ɗaure mata ganyen namele, alamar hana shiga. Sarkin garinmu ya rufe wurin ke nan. Wanda duk ya cire ganyen, alade zai biya, kuma sunan gidansu ya ɓaci.

Kawu Kalmet yana gefe yana gyaran taru. Ko kai bai ɗaga ba.

"Kawu, yaushe aka sa wannan?"

"Da safe. Injinan jiragen ruwa sun kori ayu, an ce a bar su su huta. Da kana zuwa taron gari, Malam Bature, da ka ji."

Madam ta matso, tana yi wa baƙi murmushi, tana yi mini magana ƙasa-ƙasa.

"Toara, cire shi mu wuce."

"Madam, namele ne fa."

"Na san namele, ba daga sama na faɗo ba. Ni baƙuwa ce a nan, ba zan taɓa ba. Kai ɗan gida ne, za ku sasanta."

Kawu ya yi dariya. "Cire mana, ɗana. Ai uwarka tana da alade. Wanda take ba kwakwa da hannunta, tana jiran haurensa ya lanƙwashe don a ba da shi sadakin aurenka. Ɗan birni me zai yi da aure?"

Wani Bature ya durƙusa yana ɗaukar ganyen hoto. Ya ce yana da kyau.

Na kai hannu. Ganye ne kawai, ko yaro zai iya fizge shi. Na juya na dubi Madam. Ta riga ta ja da baya, ta ɓoye hannuwanta a bayanta.

Na sauke nawa.

"An rufe," na ce wa baƙin. "Mu koma."

Madam ba ta sake kallona ba har suka shiga jirgi.

Kawu ya miƙo mini bakin taru. "Riƙe nan."

Ban riƙe ba. Na bi gaɓa ina tafiya, na kai ƙarshen yashi, na juyo, na sake komawa. Ƙarar injin tana ta raguwa wajen Vila.