Wanda Zai Fara Shan Giyar Doreen

Silvanus bai taɓa zaton ƙafarsa za ta taka mashayar Jude ba. Dattijo ne a majami'a, manomin citta, rabonsa da giya tun kafin ya yi aure. Amma ran Asabar da la'asar sai ga shi a lungu kusa da firji, riƙe da kwalbar lemo, ya ja hula har gira.

Saboda 'yarsa Doreen ya zo, ko da yake ba ta gayyace shi ba. Tana aiki a wani ɗan ƙaramin kamfanin giya a bayan tashar jirgin Kafanchan, su ne suka haɗa kai da Jude za su fitar da sabuwar giya ta dawa da citta, a mashayarsa kaɗai za a sayar. Silvanus ya kasa gane wace iri ce. Ya tambaya ko burkutu ce, Doreen ta ce a'a. Irin ta manyan kamfanoni ce? Ita ma a'a. Ta yi ta bayani da Turanci har kansa ya ɗau zafi. Abu ɗaya ya riƙe: in mutanen Jude ba su karɓi giyar ba, kamfanin zai rufe, ita kuwa ta riga ta samu aiki a Legas. Legas ɗin da ta ɗauke masa babban ɗansa, sai Kirsimeti ake jin muryarsa.

Aka zuba giyar a kofuna aka raba. Samari suka yi ta ɗaukarta hoto da waya, amma idonsu na kan dogon tebur, inda tsofaffi ke zama. Abin da teburin nan ya sha, shi gari ke sha. Shugabansu Baba Sambo, tsohon direban jirgin ƙasa, ya dubi kofinsa ya naɗe hannu. Sauran ma suka naɗe.

"Baba Sambo, lafiya?" in ji Jude. "Yau kyauta ne fa."

"Mun ji. Wa ya dafa?"

"Doreen ne ya dafa," in ji Jude, da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji.

"To ta zo ta fara. A ƙasar nan mai dafawa ke fara kai ƙwarya baki, kafin baƙo ya taɓa. Ba a gaya maka ba? Au, na manta, ku a jirgi aka kawo kakanku."

Jude ya yi dariya, ya ɗaga kofi ya shanye tas. "Ga shi, ban mutu ba."

"Kai ko kananzir aka ba ka za ka shanye. Ba kai muke jira ba."

Doreen ta fito daga bayan kanta, ta ɗauki kofi, ta kai shi kusa da baki. Sai ta waiga wajen firji, ta ajiye.

Silvanus ya shiga tunani. Me ke cikin giyar da mai dafawa ke tsoro? Cittar gonarsa ce aka zuba, shi da kansa ya kai musu a mashin. Ko akwai ruɓaɓɓiya a ƙasan buhu? Ko maganin ciyawar da ya fesa ne? Ya gyaɗa mata kai don ya ƙarfafa ta. Ta sake ɗauka, ta sake ajiyewa, ta sunkuyar da kai. Tsofaffi suka fara ture kofuna zuwa tsakiyar tebur.

Ya miƙe don ya gani da kyau, hular ta zame ta faɗi.

"A'a, Dattijo," in ji Sambo. "Yaushe ka shigo ƙungiyarmu?"

"Lemo ne. Ga shi, ku duba. Doreen, cittar ce? Ki faɗi gaskiya."

"Daddy, ba cittar ba ce."

"To mene ne?"

Sambo ya dubi uban, ya dubi 'yar, ya yi tsaki. "Kai Silvanus, da kai da karatun Littafi duk ba ka gane ba? Wace 'ya ce za ta ɗaga kofin giya ubanta na kallo?"

Silvanus ya tsaya baki buɗe. Bai taɓa kawo wa ransa cewa tana sha ba. A tunaninsa akwai wani inji da ke ɗanɗana musu.

"Kina sha ke nan?"

"Ɗanɗanawa nake, Daddy. Aikin ke nan."

Ya rasa ko faɗa ya kamata ya yi. Ya duba kofunan da aka ture, ya duƙa ya ɗauki hularsa, ya ce zai je ya ga ko an taɓa masa mashin.

A waje ya tsaya, ya juya wa ƙofa baya. Ya rufe ido zai yi addu'a, sai ya rasa abin da zai roƙa. Ya ce wa Ubangiji mutane su sha giya? Ya ce kada su sha, yarinya ta tafi? Ya tsaya a kan "Ya Uba" bai iya wucewa ba.

Can ya ji muryar Sambo daga ciki. "Cittar ta yi yawa, tana ƙona maƙogwaro. Ƙaro mini in tabbatar."

Jude ya leƙo, fuskarsa duk gumi. "Daddy, sun sha. Sun ce a ajiye musu na gobe."

"Ba za ta tafi ba ke nan?"

"Ina zai je? Aiki ya same shi. Amma don Allah kar ka dawo ciki tukuna, za su buɗe tanki na biyu."

Silvanus ya ce to. Ya zauna a kan mashin yana jira, bai san ko me yake jira ba.