Allurar da Ba Ta Motsa Ba

Dogo ya sake taka sarƙar jan motar da ƙafa, ya tabbatar ta kama, sannan ya ce wa Sifana ya riƙe sitiyari da kyau, kada ya taɓa birki sai ya ga jar wuta a gabansa. Sifana ya leƙo ta tagar tsohuwar bas ɗinsa da ta mace a bakin hanya, ya ce shi da ya shekara arba'in yana gyaran mota, ba yau za a koya masa zama cikin matacciya ba.

"Gyara ko kashewa?" in ji Dogo.

Sifana ya yi 'yar dariyar da ya saba, wadda ba ta wuce haƙora.

Tsokanar nan ta shekara ashirin a tsakaninsu. A da, kamfanin rarraba kaya ɗaya suke yi wa aiki, Dogo direba, Sifana makanike. Wata rana Dogo ya jawo wata motar kamfani da ta lalace da sabuwar mota mai dizal, suna tsakiyar wannan dogon hawan da ke gabansu yanzu, injin sabuwar ya buga. Manaja ya tara su. Dogo ya rantse, kuma gaskiyarsa ya faɗa, cewa allurar zafi ba ta gusa daga tsakiya ba ko kaɗan. Manaja ya ce to in ba zafi ba ne, baƙin mai ne, kuma Sifana ne ya yi juyen mai a makon. Haka Sifana ya kwashe kayan aikinsa ya koma gindin bishiya yana gyaran janareto. Bai ƙullaci Dogo ba. In an taso da zancen, iyakarsa ya ce man da ya zuba mai kyau ne, shi har yau bai san abin da ya ci injin nan ba.

Motar da Dogo ya zo da ita yau tasa ce ta kansa, ita ce ta farko da sunansa ya hau takardunta bayan shekara talatin yana tuƙa na mutane. Ita ma dizal take sha. Yana ji da ita kamar ƙwai, ko jikokinsa sai sun karkaɗe takalmi suke shiga. Autarsa, wadda ke aikin wayarin ɗin mota, ta manna masa wani ƙaramin agogo a gefen sitiyari, ta ce na zafin baƙin mai ne. Ya ce ai mota tana da allurar zafinta tun daga kamfani. Ta ce wannan ta ruwan lagireto ce, ruwa daban, mai daban. Ta ɗauko jan farce ta ja layi a kan gilashin.

"Baba, in kana jan kaya allurar ta doshi nan, ka rage gudu ka sauko da giya. In ka tsaya kuma kada ka kashe, ka bar ta a sulo ta huce."

Ya ce ya ji, irin jin da iyaye ke yi wa 'ya'yansu. Wata uku ke nan allurar tana kwance a wuri ɗaya, har ya fara kiranta agogon ado.

Suka ɗauki hanya. Bas ɗin Sifana cike take da janareto uku da akwatin ƙarafa, nauyinta ya kai a kira shi nauyi. Da suka fara hawa, Dogo ya yi abin da ya yi duk rayuwarsa: ya bar mota a giya ta huɗu, ya danne totur, inji yana gurnani ƙasa-ƙasa. A wurinsa direban da ya bar inji yana ihu ɗan koyo ne. Ya sha faɗa wa matasan direbobi cewa inji in ya yi shiru hutawa yake.

Sai ya ga agogon ado ya farka.

Da farko abin ya ba shi sha'awa. Allurar tana tafiya a hankali, kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa, amma ba ta tsayawa. Ya dubi allurar ruwa, tana nan daram a tsakiya. Ya ƙwanƙwasa gilashin Auta da farce, ya ce a ransa yarinyar nan ta haɗa waya ba daidai ba. Ya sake duban ta ruwa. Ya sake duban ta mai. Mota ɗaya, inji ɗaya, ɗaya tana cewa lafiya lau, ɗaya tana cewa wuta. To wace ce maƙaryaciya?

Kafin ya gama wannan lissafi, allurar ta kusa taɓa jan farcen. Wani ɗan ƙauri ya shigo ta wajen ƙafafunsa, kuma hancinsa ya san ƙaurin nan daga wani wuri. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, domin in injin nan ya buga, ya san ba zai sake mallakar wata motar ba. Ya taka kuloci ya sauko ta uku, sannan ta biyu, ya sassauta ƙafa. Inji ya ɗauki kuka. Kunya ta sa ya leƙa madubi, ya hango Sifana yana girgiza kai yana murmushi.

Mota ta koma rarrafe. Manyan motoci suna wuce su suna danna oda. Allurar ta tsaya cak a bakin jan layi kamar mai shawara, can kuma ta fara ja da baya.

Da wani direban ne, da ya gode wa Allah ya ci gaba da tafiyarsa. Dogo kuwa mutum ne da in ya ga abin da bai gane ba, ba ya barinsa. Da allurar ta sauka sosai, ga sauran hawa a gaba, sai ya mayar da giya ta huɗu ya danne totur, don dai ya gani. Inji ya koma gurnaninsa mai daɗin ji. Ba a jima ba allurar ta juya ta sake kama hanyar jan farce. Ta ruwa ko gezau. Ya sauko ta biyu da sauri. Ya tuna inda ya san ƙaurin.

A saman tudu ya gangara gefe ya tsaya, ya bar inji a sulo. Sifana ya sauko yana miƙa, ya ce yau ya ga abin mamaki, Dogo da kansa ya sa mota ihu har mutanen gona suna waiwaye. Ya leƙo ta taga, idonsa ya faɗa kan ƙaramin agogon. Makanike ne, ba ya ganin sabon abu a mota ya wuce. Ya tambayi na mene ne.

Dogo yana iya cewa ado ne. Ya saba faɗa, kuma da an wuce wurin. Maimakon haka sai ya ba shi labarin hawan duka, giya bayan giya, har da gwajin da ya yi. Ya nuna masa inda allurar mai ta kai, ya nuna masa ta ruwa da ba ta motsa ba.

Sifana ya ciro tabarau daga aljihu ya sa. Ya daɗe sunkuye yana kallon allurorin biyu, ta mai tana saukowa kaɗan-kaɗan. Fuskarsa ta zama ta mutumin da ya ga abin da ya ɓace masa tun tuni.

"Waccan motar ta kamfani, allura nawa gare ta?"

"Ɗaya. Ta ruwa."

"A giya ta nawa ka hau?"

"Ta huɗu," in ji Dogo. Ya dubi Sifana. Ya ce, "Ɗan'uwa, manka mai kyau ne. Ni ne."

Ya jira zagi, ko shiru, ko a ce ya kwance sarƙa. Sifana ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar aljihu. Ya ce shekara ashirin yana kwana yana tashi da injin nan a kansa, ya kwance shi ya ɗaure a zuci ya fi sau dubu, bai taɓa kawo wannan ba. Ya sake leƙa agogon, ya ce a gaya wa Auta shi ma yana son irinsa.

Ya juya zai koma bas ɗinsa, sai ya tsaya ya dafa ƙofar.

"To, Dogo, tuƙi ko kashewa?"

Ya fashe da dariya, wannan karon tun daga ciki, har yana riƙe ƙugu. Dogo ya so ya taya shi, abin ya ƙi. Ya jira allurar ta sauka, ya sa giya ta ɗaya, ya ja su a hankali.